Tambayoyi da Amsoshi: Bin Salsalar Zuri'a ta Tsofaffin Hotunan Gida

Hoton da ba a san mai shi ba, ba a san garin da aka ɗauke shi ba, ba a san shekararsa ba, baƙo ne a cikin akwati ko da kuwa kakanka ne. Takarda za ta iya kai shekara ɗari in an adana ta, amma tsohuwar da za ta kalle ta ta ce wannan wane ne ba za ta jira ba. Ga tambayoyin da masu wannan aiki suka fi yi.

Na tarar da tarin hotuna a akwatin marigayi mahaifinmu. Daga ina zan fara?

Kada ka fara da warewa. Yadda aka jera hotunan shi kansa shaida ne: waɗanda suke cikin ambulan ɗaya sau da yawa fim ɗaya ne, rana ɗaya ko tafiya ɗaya, kuma wanda aka sa a shafin farko na albam ba banza aka sa shi nan ba. Ɗauki hoton kowane shafi da kowane ƙunshi da wayarka yadda ka same shi, kafin ka motsa komai. Takardun da ke tare da su, irin su rasit ɗin haraji, katin asibiti, fasfon aikin hajji, katin gayyatar biki da wasiƙun ajami, a bar su tare.

Sai ka ba kowane hoto lamba, 001, 002, har ƙarshe, ka sayi littafi mai kauri ka ware wa kowace lamba rabin shafi. A nan za ka rubuta su wa ke ciki daga hagu zuwa dama, wane gari, wace hidima, wace shekara, hoton na hannun wa, sai abin da aka fi mantawa da shi: wa ya faɗa maka, kuma yaushe. Daga nan ka nufi tsofaffi. Sikanin hotunan, wato mayar da su cikin kwamfuta, zai iya jira wata shida.

Wa ya kamata in tambaya, kuma yaya ake tambayar?

Fara da wanda ya fi kowa tsufa, ka kuma fifita mata. Gwaggo da inna da kishiyoyin kaka su ne suka halarci suna da biki, su suka san wa ta haifi wa, wa aka ba wa riƙo, wace ce aka saka ta koma gidansu. Maza sukan riƙe jerin ubanni da sarauta da gonaki, su bar ɓangaren uwa da giɓi. A wajen gida akwai wanzamin zuri'a, ungozoma, limamin unguwa, mai unguwa da tsofaffin maƙwabta.

Je da kwafi da aka faɗaɗa ya cika takarda guda, domin idon tsoho ba ya ganin fuskar da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba a allon waya. Ku zauna da rana, inda haske yake. Kowa a tambaye shi shi kaɗai, don in an taru babba na magana ƙarami ba zai musa ba ko ya san an yi kuskure. Kada ka ce "Gwaggo, wannan ba Baffa ba ne?" Za ta ce shi ne don kada ta ba ka kunya. Ka ce "Gwaggo, wa kika gani a nan?" sannan ka yi shiru. In ta faɗi suna, ka bi da "Ta yaya kika gane shi?", "Wannan ƙofar gidan wa ce?", "Lokacin an yi miki aure?" Nemi izini ka naɗi muryar. Hoto goma zuwa goma sha biyar sun isa zama ɗaya. Bayan awa guda gajiya kan sa a fara cika giɓi da zato.

Akwai alkunya. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko ɗan farinta ko surukinta ba, sai ta ce "Malam" ko "mai gidan nan" ko "yaron nan". Kada ka matsa mata, ka rubuta yadda ta faɗa, ka nemi sunan a bakin wani.

Me ake nema a bayan hoto?

Sau da yawa bayan ya fi gaban magana. Duba hatimin situdiyo: sunan shago, titi, gari, wani lokaci da lambar akwatin gidan waya. A garuruwan Arewa da na Nijar masu situdiyo da yawa na farko baƙi ne daga kudu, musamman Yarabawa, shagunansu na Sabon Gari ko kusa da tasha, don haka hatimi mai sunan da ba na Hausa ba bai nuna an ɗauki hoton a kudu ba. Adireshin yana ba da lokaci. In an rubuta jihar Kano, bayan Mayun 1967 ne, lokacin da aka yi jihohi 12. Sunan jihar Arewa ta Tsakiya ko Arewa maso Yamma ko Arewa maso Gabas ya tsaya tsakanin 1967 da 1976. Jihar Katsina sai 1987, Jigawa da Kebbi da Yobe 1991, Zamfara da Gombe 1996. Sai dai mai shago kan ci gaba da buga tsohon hatimi shekaru bayan an canza suna. In an rubuta kuɗin hoton da sule da kwabo na fam, kafin Janairun 1973 ne.

In shekarar Hijira aka rubuta, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1380 za ta ba ka 1960 da ɗoriya, wato tsakanin 1960 da 1961. Ka kuma tambayi rubutun hannun wa ne. Abin da mai hoton ya rubuta a ranar ya fi abin da jikansa ya ƙara bayan shekara arba'in ƙarfi.

Babu kwanan wata ko kaɗan. Yaya zan ƙiyasta shekarar?

Ba shekara ɗaya ake nema ba da farko, iyaka biyu ake nema: hoton ba zai riga shekara kaza ba, ba zai kuma wuce shekara kaza ba. Abin da ya fi kowane sabunta a cikin hoton shi ke ba da iyakar farko. Rasuwar wani da ke ciki, ko rushe ginin da ke baya, ita ke ba da ta biyu.

Fara da takardar. Tsofaffin hotuna marasa kala takardarsu zalla ce, tana nannaɗewa, kuma wuraren da suka yi baƙi sukan yi wani ƙyalli kamar azurfa in ka karkata su a haske. Masu baki mai tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto sun fi yawa daga shekarun 1930 zuwa farkon 1960. Takarda mai santsin roba a baya ta fito ne a ƙarshen shekarun 1960. Hoto mai kala ya yaɗu a gidaje daga shekarun 1970 zuwa 1980, kuma na farkon sukan rine su koma ja-ja. Kada ka ruɗe da wanda aka shafa wa kala da hannu, inda za ka ga hula ta yi ja, riga ta yi shuɗi, sauran duk fari da baƙi. Wannan ya girmi mai kalar gaske. Lambobi masu ruwan lemo a kusurwa na kyamarorin shekarun 1980 da 1990 ne, galibi shekara ce a farko, amma in an canza batir ba a saita ba sai su yi ƙarya. Kuma takarda shekarar wanki take faɗa, ba ta ɗauka ba: iyalai da yawa sun kai tsohon hoton kaka an sake ɗaukarsa an faɗaɗa bayan rasuwarsa.

Sai abin da ke cikin hoton. A Nijeriya an koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, a Gana kuma 1974, don haka titin da motoci ke bin hagu ya riga wannan. Fijo 404 ta fito 1960, 504 ta fito 1968, masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa motoci 1975. Kuɗin liƙi a goshin amarya ko makaɗi shaida ce mai kyau: naira 20 mai hoton Murtala ta fito 1977, naira 50 a 1991, naira 100 a ƙarshen 1999, naira 500 a 2001, naira 1000 a 2005. Kakin masu yi wa ƙasa hidima ba zai riga 1973 ba. 'Yan dokan En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, an narkar da su cikin 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Duba bango da tabarau mai ƙara girma: kalanda, tutar jam'iyya, hoton shugaba. Alamar NEPU daga 1950 ce zuwa juyin mulkin Janairun 1966, ta NPN da PRP daga 1978 zuwa ƙarshen 1983. A Nijar hoton Diori Hamani na nufin 1960 zuwa 1974, na Seyni Kountché 1974 zuwa 1987.

Tsofaffi ba sa ƙirga da lamba, da sarakuna da aukuwa suke ƙirgawa, sai ka juya musu. Zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero 1926 zuwa 1953 ne, Sanusi 1953 zuwa 1963, Ado Bayero 1963 zuwa 2014. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku 1938 zuwa 1988. Sarkin Katsina Usman Nagogo 1944 zuwa 1981. Sarkin Zazzau Ja'afaru 1937 zuwa 1959, Aminu 1959 zuwa 1975. Zuwan Sarauniya 1956, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, babban fari 1973, canjin kuɗin Buhari 1984.

Hoton Salla yana da nasa lissafi, tunda watan Musulunci na ja da baya da kusan kwana 11 kowace shekara, ya zagayo cikin shekara 33. Ƙaramar Salla ta faɗo tsakiyar damina, Yuli da Agusta, wajen 1948 zuwa 1950, ta sake faɗowa nan 1980 zuwa 1982. Ta faɗo cikin hunturu, Disamba da Janairu, wajen 1966 zuwa 1968 da kuma 1999 zuwa 2001. Ciyawa kore ko hazo a bayan mutanen sai ya zama hujja.

A nuna mini yadda ake haɗa waɗannan a hoto guda.

A ce ga hoto marar kala mai santsin roba a baya: dattijo zaune a kujera, yarinya tsaye a gefensa, hancin fijo 504 ya leƙo ta gefe, hatimin baya ya ce jihar Arewa ta Tsakiya. Motar ta ce ba a riga 1968 ba. Hatimin ya ce da wuya a wuce 1976 da nisa. An san dattijon ya rasu kafin kisan Murtala, wato kafin Fabrairun 1976. Yarinyar tana murmushi da giɓi a gaba, tana famfara ke nan, shekara shida zuwa bakwai. In gwaggo ta ce yarinyar ita ce, kuma an haife ta shekarar da aka kashe Sardauna, 1966, to hoton ya sauka a 1972 ko 1973, komai ya yi daidai. In kuwa ta ce yayarta ce da aka haifa shekarar zuwan Sarauniya, lissafi ya ƙi, domin mai shekara shida a 1962 ba za ta tsaya kusa da motar da ba a ƙera ba. A littafi sai ka rubuta "wajen 1972 zuwa 1973" da dalilan, ba "1972" kai tsaye ba.

Fuskar yara ta fi ta manya amfani a wannan lissafi. Tsakanin mai shekara uku da mai takwas ba a kuskure, tsakanin mai arba'in da mai hamsin da biyar kuwa ana yi kullum.

Tufafi fa? Za a iya dogara da su?

Da taka-tsantsan. Babbar riga mai aska takwas, rawani, alkyabba da hular dara sun daɗe ba su canza ba, kuma riga mai tsada ana gadonta. Wasu situdiyo ma suna ajiye kwat da agogo da rediyo da babur na aro, don haka kada ka yanke cewa kaka mai kuɗi ne saboda an ga rediyo a cinyarsa. Hoton alhaji a gaban Ka'aba sau da yawa labule ne da aka zana. Kayan mata sun fi saurin juyawa: ɗaurin ɗankwali, ɗinkin riga, zanen atamfa, sannan sauyi daga gyale zuwa hijabi da ya ƙarfafa daga shekarun 1980. Tsofaffin mata da 'yan koli suna tuna sunan atamfa da lokacin da aka yi yayinta. Anko kuwa yana nuna biki ɗaya, sai ka tara duk hotunan da aka sa wannan zanen. Haka jeren ɗakin amarya: tasoshi, kwanukan samira, gadon ƙarfe mai rumfa, daga baya tangaran da kabet.

Mutum ɗaya ya fito mini da sunaye uku. Yaya zan yi?

Wannan shi ne babban ramin da masu bin salsala a ƙasar Hausa ke faɗawa. Akwai sunan yanka, akwai laƙabin da ke tafiya da shi: Garba shi ne Abubakar, Shehu Usman, Mamman Muhammadu, Iro Ibrahim, Binta Fatima, Indo A'isha, Dije Hadiza. Akwai sunan rana irin su Ɗanladi, Balarabe, Ɗanjuma, Talatu, Lami, Asabe. Akwai na yanayin haihuwa, kuma waɗannan suna taimaka maka wajen jera 'ya'ya: Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Auta shi ne na ƙarshe. In ka ga Gambo ba ka ga Hasan da Husaini ko Hasana da Usaina ba, ka tambaya, wataƙila sun rasu suna ƙanana ba a ambace su ba. Wanda ake kira Abba ko Baba ko Ummi galibi sunan kaka ya ci, ga hanyar gano sunan na sama.

Sai sunan makaranta da na aiki. 'Yan boko na farko da yawa da sunan garinsu aka rubuta su, kamar Aminu Kano, Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mutum biyu masu sunan gari ɗaya ba lallai 'yan'uwa ba ne, wa da ƙane kuma za su iya fitowa da suna na biyu daban-daban. Ɗan riƙo ma yakan ɗauki sunan mariƙinsa. Rubuta duk sunayen a layi ɗaya, ka ja layi ƙarƙashin na yanka, ka haɗa da sunan uwa. A gidan da ake da Muhammadu biyar, uwa ce kaɗai ke raba su.

Wannan mutumin ya yi kama da babana sosai. Ba hujja ba ce?

Kama da wane ba ta wane. Auren zumunci ya sa kamanni na yawo a dangi duka, har taubasai su fi wa da ƙane kama. Abin da ya fi ƙarfi shi ne siffar kunne, tazarar idanu, wushirya, tabo, da tsagar fuska. Zube mai tasowa daga gefen baki zuwa wajen kunne an san Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa da irinsa, Barebari nasu a tsaye yake, ga kuma bille da 'yan baka da aka fi yi don ado. Tsohon wanzami zai karanta maka su fiye da kowa. Amma wata tsagar ta magani ce, wata ta gidan da mutum ya tashi ce ba gidan da aka haife shi ba. In bille ya koma ɗaya kuncin, duba rubutu ko agogo a hoton, mai wanki kan kifa fim hagu ta koma dama.

Tsayuwa a hoto ma ba dangantaka ba ce. Yaron da ke cinyar mace zai iya zama ɗan kishiyarta, tunda kunya kan hana uwa ɗaukar ɗan farinta a gaban jama'a. A gidan da ake da mata da yawa tazarar babban ɗa da auta kan kai shekara arba'in, sai ka ga baffa ya fi ɗan wansa ƙuruciya.

Tsofaffi biyu sun saɓa. Wa zan bi?

Rubuta duka biyun da sunan kowa. Sannan ka auna: wa ya ga mutumin da idonsa, wa ya ji a bakin wani, shekarar kowa nawa lokacin, wa ke da wata buƙata a maganar, kamar gado ko sarauta. Yi wa kowane bayani alama ɗaya cikin uku: tabbas, in mutum biyu da ba su haɗa baki ba sun faɗa ko takarda ta goyi baya, rinjaye, ko zato. Jerin kakanni na baka yakan tsallake waɗanda ba su yi suna ba. Gwada da lissafi: tsakanin uba da ɗa a ba da shekara 30 zuwa 35. In an ce kakan kakanka ya yi zamani da Shehu Usmanu, wanda ya rasu 1817, ka ƙirga ka gani ko an haɗiye mutum biyu a tsakani. Kirarin maroƙa yana adana sunaye da kyau, sai dai aikinsa yabo ne.

Ba mu da hoton kakanninmu ko ɗaya. Ina za a nema?

Gidaje da yawa ba su da hoton da ya riga shekarun 1950, mata kuma sun fi ƙaranci saboda kulle. Fara da gidajen da 'ya'ya mata suka yi aure, domin hoto kan bi amarya, sai abokan aiki da 'yan ajinsu. Ƙananan hotunan fasfo suna maƙale a takardun hajji, lasisin tuƙi, fayil ɗin fansho, katin jam'iyya da rajistar makaranta. Magadan tsohon mai situdiyo wani lokaci suna da akwatin fim. Ga wanda ya yi aikin En'e ko sarauta ko malanta, akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, Arewa House, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da ma'ajiyar takardun ƙasa a Yamai. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita 1939, da New Nigerian daga 1966, sun buga hotunan naɗi da yaye ɗalibai. Ka je da cikakken suna, gari, muƙami da shekarun da kake zato. Ba a jera waɗannan takardu da sunan iyali ba.

Hoton soja mai gajeren wando da jar dara na rundunar Afirka ta Yamma ne ta zamanin Turawa. Waɗanda suka je Bama a yaƙin duniya na biyu suna cikin runduna ta 81 da ta 82. Lambar soja da ke jikin takardar sallama ko gefen wasu lambobin yabo ta fi suna amfani wajen nema. In kuwa hatimin ya nuna Kumasi ko Akara, ka bi zangon fataken goro; in Fort-Lamy ne, sunan Injamena kafin 1973, ko wani gari a Sudan, ka tuna hanyar alhazan ƙasa, waɗanda da yawa suka zauna a can suka hayayyafa.

Yaya ake mayar da su cikin kwamfuta ba tare da an ɓata ba?

Sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi ita ce daidai, ba mai zuƙar takarda ba. Hoto mai girman katin gaisuwa a sa dpi 600, wato ɗigo 600 a kowane inci; na fasfo 1200; fim 2400 ko sama. A ɗauka da kala ko da hoton fari da baƙi ne, a haɗa da gefunansa, a ɗauki baya. Kashe duk gyaran da na'urar ke yi da kanta. Adana na asali a TIFF, wato nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto, mai inci 4 da 6 zai ci kusan megabait 25, sannan ka fitar da JPEG, nau'in fayil mai ƙaramin nauyi, don rabawa. Sunan fayil ya fara da lambar da ke littafinka.

In waya ce kaɗai, shimfiɗa hoton a inuwa kusa da ƙofa ko taga, kashe filashi, goge idon kyamara, riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba, ka ɗan ja baya don kada fuska ta kumbura. WhatsApp yana matse hoto, sai a tura shi a matsayin fayil. Ajiye kwafi uku: kwamfuta, ma'ajiya ta daban a gidan wani ɗan'uwa, da intanet kamar Google Drive. Memori ɗaya a aljihu ba ajiya ba ce.

Manhajojin da ke gyara fuska su sa kala fa?

Ba fito da abin da ya ɓace suke yi ba, ƙirƙira suke yi. Sukan goge tsaga su ɗauka tabo ne, su canza ido da haƙora, su ba rigar saƙi kalar da ba tata ba. Kada ka kai wa tsoho irin wannan don ya gane mutum. In ka yi don sha'awa, rubuta a jikinsa cewa gyararre ne, na asali kuma ya zauna yadda yake.

Yaya zan adana na takardar, kuma me zan yi da waɗanda suka lalace?

Maƙiyansu laima, zafi, rana, gara, kyankyaso da ɓera. Kada a ajiye a ƙasa, ko jikin bangon da ke tsatsafo, ko saman silin ƙarƙashin kwano. Ɗaki na ciki, a kan kanta, cikin akwati mai murfi, a buɗe a duba farkon damina da ƙarshenta. Wanke hannu ka busar, ka riƙe ta gefe. Kada a yi lamineshan: zafi da gam suna shiga hoton, ba a kuma cirewa. Ban da salatif, gam, kyauron roba da ƙusar takarda. Biro yana huda takarda, tawadarsa na cin hoton da ke ƙasa. Yi rubutu da fensir mai laushi, 2B, a gefen baya, in takardar mai santsi ce ka rubuta a ambulan. Albam mai shafi mai danƙo da leda a sama yana bin hoto da layin rawaya. A cire a hankali da siririn zare a ƙarƙashi, wanda ya ƙi a bar shi a yi sikanin shafin duka. Leda mai warin sabuwar roba ba ta da kyau. A sa farar takarda marar rubutu tsakanin hotuna, ba jarida ba. Na bango ya zama kwafi.

Wanda ya manne da gilashin firem kada a ɓamɓare, fuskar za ta bi gilashin. A ɗauke shi ta cikin gilashin. In ruwa ya ci su, yi sauri, domin fumfuna na kamawa cikin kwana biyu: raba su tun suna jiƙe, ɗauraye da ruwa mai tsabta mai sanyi ba tare da shafa fuskar ba, shanya su rigingine a inuwa, ban da rana da dutsen guga. Wanda hunturu ya nannaɗe kada a miƙe shi da ƙarfi, zai tsage. Fim mai warin tsami ya fara ruɓewa, a ware shi a yi sikaninsa da wuri. Fim na kafin farkon shekarun 1950 yana iya zama mai saurin kama wuta, a nisanta shi da zafi.

Zan iya sa su a Facebook don a taya ni gane mutane?

Yana aiki, musamman a zaurukan 'yan gari ɗaya da na tsofaffin ɗalibai, amma da izinin masu hoton. Hoton mace, ko ta rasu, sai 'ya'yanta sun yarda. Rufe lambar fasfo da adireshi. Kada ka faɗi sunan da kake zato, bari su faɗa, sannan ka tambayi mai amsar yadda ya sani. In bincike ya tono abin da gida ke rufewa, kamar asalin bauta, ɗan da ake shakkar ubansa ko tsohuwar rigimar gado, ba naka ba ne kai kaɗai ka yaɗa. Rubuta a littafi na daban ka shawarci manya. Hoto kuma ba ya tabbatar da nasaba a rabon gado, wannan aikin shaidu ne da alƙali.

A wasu gidajen akwai masu ƙyamar ajiye hoto saboda fahimtarsu ta addini. Ba a jayayya da su a kan wannan. A roƙe su da girmamawa su miƙa wa wani ɗan'uwa maimakon ƙonawa, ko su bari a rubuta sunaye da bayanan da ke baya.

Yaya zan zana bishiyar zuri'ar a ƙarshe?

Fara daga kanka ka hau sama, kada ka fara daga wani mashahurin kaka ka nemi hanyar sauka. Sami babbar takarda, kowane tsara da layinsa. Ƙarƙashin kowane namiji jera matansa bisa tsarin aure, har waɗanda aka rabu da su da waɗanda suka rasu, 'ya'yan kowace a ƙarƙashinta. Riƙo da agolanci a ja su da layi mai ɗigo-ɗigo, shayarwa ma a nuna ta, tunda tana haramta aure. Gefen kowane suna sa lambar hotunan da ya fito a ciki da alamar tabbas ko rinjaye ko zato. Yi da fensir, ka buga kwafi uku ko huɗu, ka kai taron Salla ko na biki inda dangi ke haɗuwa, ka ba kowane ɗaki nasa su gyara, ka sa kwanan wata a kan kowane sabon zane.